Daga layin rigakafi zuwa ɗakin likitan ƙwaƙwalwa: yadda na nemi maganin ciwon damuwa ina da goyo

Na rubuta wannan ne saboda matan da suka shiga irin halin da na shiga bayan haihuwata ta uku, da mazajensu da iyayensu, domin su san ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa da abin da za su tarar a bayanta. A Kano nake zaune, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Kuɗaɗen da zan ambata na shekarar 2024 ne, kowa kuwa ya san yadda farashi yake gudu, don haka a ɗauke su a matsayin kwatance kawai.

Haihuwar ta zo da sauƙi, aka yi suna lafiya, gwaggona ta zo ta zauna mini jego. Ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, gida cike da 'yan barka. Sai bayan arba'in, da Gwaggo ta tattara ta koma, abin ya fara bayyana. Ina farkawa wajen ƙarfe uku na dare, jaririya tana barcinta, ni kuwa ido biyu har asuba. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Wanka ma sai na yi ta shawara da kaina kafin in tashi. In yarinyar ta tsala kuka sai in tsaya ina kallonta kamar 'yar maƙwabta, in na ɗauke ta na ba ta nono fuskata tana kallon bango. Daga nan sai zuciyata ta hau gaya mini cewa ni ba uwar kirki ba ce, in shiga banɗaki in yi kuka mai isata, in wanke fuska in fito.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne yadda ciwon ya bi ta kan yaran ba tare da kowa ya lura ba. Babbar, 'yar farina, tana da shekara tara a lokacin. Ita ta koma uwar gidan. Ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka ta goya ƙanwarta, ta dafa musu taliya, ta yi wanke-wanke, har islamiyya ta fara tsallakewa. Kafin ta shigo ɗakina sai ta ɗaga gefen labule kaɗan ta karanci fuskata, in ta ga babu hali ta saki labulen ta ja ƙaninta waje tana ce masa, "Yi shiru, Umma ta gaji." Duk wanda ya shigo gidan yaba ta yake yi, wai yarinya mai hankalin manya. Rashin jan ta a jiki da nake yi kuwa an ɗauke shi alkunyar 'yar fari, ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Namijin, mai shekara biyar, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, malamarsu kuma ta fara aiko da ƙorafin yana dukan yara. Jaririyar ta zama mai shiru sosai, ba ta gwaranci, ba ta neman ido. Ita ma yabo take sha, wai ba ta da rigima.

Kamar kowa, kemis muka fara zuwa. Aka ba ni maganin maleriya da na taifot, aka haɗa da na ƙarin jini, kuɗi suka tafi jiki yana nan yadda yake. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce shafar iska ce, mai jego ba ta rasa irin wannan in ta cika fita da magariba. Aka kira wani malami ya yi mini ruƙiyya, aka kawo ruwan tofi da man habbatussauda. Ban raina wannan ba, karatun yana sanyaya mini zuciya, kuma har gobe ina azkar ɗina. Malamin da kansa ne ya ja maigida gefe ya ce masa bai ga alamar aljani a tare da ni ba, a haɗa da asibiti, ya kawo masa hadisin nan da ke cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Waɗanda suka fi wahalar da ni su ne masu nasiha. "Ke da Allah ya ba ki miji da 'ya'ya, me kika rasa? Ki gode wa Allah." Duk wadda aka gaya wa haka tana cikin wannan ciwo, ƙarin laifi ne aka ɗora mata a kan wanda take ɗora wa kanta.

Ƙofar ta buɗe ne a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu, ranar da na kai yarinyar rigakafin ƙyanda na wata tara. Aka ɗora ta a sikeli, malamar asibitin ta ɗiga alama a katinta, ta tsaya tana duban layin nauyin da ya kwanta tun wajen wata biyar bai ƙara hawa ba. Ta ɗauko 'yar igiyar nan mai launi uku ta zagaya damtsen yarinyar, ya tsaya a rawaya. Kore shi ne lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ta tambaye ni me nake ba ta, na lissafa. Sai ta ajiye biro ta ce, "Ke fa, maman yarinya, kina barci kuwa?" Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini a gaban mata ba. Ta miƙa yarinyar ga wata mata, ta ja ni wani ɗan ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ciro takarda mai tambayoyi goma, irin wadda aka ƙirƙiro a Edinbura ta ƙasar Sikotilan a 1987 don gano ciwon damuwa bayan haihuwa. Tana karantawa tana fassara mini: a kwana bakwai da suka wuce, kin iya yin dariya? Kina ɗora wa kanki laifi ba dalili? Baƙin ciki yana hana ki barci? Ta ƙarshe ita ce ko tunanin cutar da kaina ya taɓa zo mini. Na gaya mata gaskiya, cewa nakan ji kamar yaran za su fi samun sauƙi in ba na nan. Ba ta yi salati ba, ba ta zaro ido ba. Ta haɗa makin, wanda ƙarshensa 30 ne, ta ce nawa ya haura inda ake tura mutum gaba. Ta rubuta mini takardar zuwa babban asibiti, ta sa hatimi, ta ce kada in je ni kaɗai, kuma kada a bar ni ni kaɗai da yara tsawon yini kafin in ga likita. Ban biya ko sisi a nan ba.

A gida aka yi ta ta ƙare. Ba Bakanon da bai san zolayar nan ta "sai an kai ka Dawanau" ba, don haka da maigida ya ga an rubuta sashen ƙwaƙwalwa a takardar sai jikinsa ya yi sanyi. Hajiya ta fito da abin da ke ranta ƙarara: muna da 'ya'ya mata biyu, in magana ta fita cewa uwarsu tana zuwa asibitin mahaukata, wa zai zo neman aurensu? Ban ga laifinta ba, haka garin yake. Ban yi gardama ba don ba ni da ƙarfinta, katin yarinyar kawai na ajiye a gaban maigida na nuna masa layin nan da ya kwanta, na ce malama ta ce ciwona da wannan layin tafiyarsu ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce wa Hajiya za mu je, kuma maganar ba za ta wuce mu uku ba.

Mun fita bayan sallar asuba, duk da haka mun tarar da mutane a gabanmu. Shatar adaidaita sahu zuwa da dawowa ta ci kusan naira 4,000, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama wani ciwon na daban. Matakin farko ofishin kati ne. Suka karɓi takardar turawar, suka tambayi katin shaida, adireshi, da suna da lambar wayar makusanci. Suka rubuta mana kuɗin buɗe fayil da na ganin likita, wajen naira 3,000, muka je wata taga daban muka biya, muka dawo da rasit. A riƙe kowane rasit da kyau, don a kowace ƙofa sai an nema. Mai inshorar lafiya ya faɗa tun a wannan ofishin, kafin ya biya komai. Abin da ba mu sani ba shi ne takardar ba ta kai mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa kai tsaye a ranar. Likitan kowa-da-kowa na fara gani, ya auna hawan jini, ya rubuta gwajin yawan jini da na maƙoƙo, ya bayyana cewa ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo bayan haihuwa suna iya kawo kasala da baƙin ciki irin wannan, dole a tabbatar ba su ba ne. Gwajin maƙoƙon ne mai tsada, duka biyun suka tasar wa naira 15,000, sakamakon kuma ba a ranar yake fita ba. Sannan ya tura mu sashen ƙwaƙwalwa, inda muka tarar ba kullum suke ganin sababbin marasa lafiya ba, suna da ranakunsu. Nas ɗin wurin ta duba abin da aka rubuta game da tambayar nan ta ƙarshe, ta ba mu rana mafi kusa. Na koma gida a gajiye, ina jin kamar wahalar banza muka sha, ba ƙwaya ɗaya a hannuna.

Ranar da aka ba mu na shiga da niƙabi don kada wani ya gane ni. Na zaci zan ga mutane a ɗaure. Abin da na gani a kan bencin jira shi ne wani dattijo da carbinsa, wata ɗaliba tana duba littafi, wani mai kayan ma'aikata, da mata biyu masu goyo irina. Mun jira har wajen sha ɗaya. Ganin farko yana da tsawo, ya kusa awa guda. Likitan ya fara ganina ni kaɗai. Ya bi tarihina tun daga ƙuruciya, haihuwar farko da ta biyu, ko a danginmu akwai mai irin wannan, zamana da maigida da Hajiya, ko ana duka na, ko akwai bashi. Ya tambaya ko ina jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko na taɓa yin kwanaki ba barci amma ina jin ƙarfi da yawan surutu da kashe kuɗi, domin wannan wani ciwon ne daban kuma maganinsa daban. Sannan ya ce in ba shi labarin yaran ɗaya bayan ɗaya. A nan bakina ya buɗe. Game da kaina ban iya cewa komai ba sai "ba na jin daɗin jikina", amma da na fara maganar labule da fitsarin kwance sai ga shi yana ta rubutu.

Da aka shigo da maigida, likitan ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce sunan abin ciwon damuwa, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon, a ƙasashe masu tasowa kuwa abin ya kusa kashi 20. Ya ce jariri da fuskar uwarsa yake koyon duniya: ya yi sauti ta amsa, ya yi murmushi ta mayar masa. In fuskar ta daina amsawa, wasu jariran su yi ta kuka, wasu su haƙura su yi shiru, kuma mai shiru ba ya neman abinci yadda ya kamata, uwar da ba ta da kuzari ita ma ba ta matsa masa. Ya ba da misalin binciken da aka yi a karkarar Rawalpindi ta Pakistan, inda aka ga jariran iyaye mata masu wannan ciwo sun fi ramewa da yawan gudawa. Manyan yara kuma, in ji shi, wani ya koma rigima, wani ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma 'ya'yan mai ciwon sun fi sauran yara haɗarin kamuwa da shi in sun girma. Gabana ya faɗi da jin wannan. Sai ya ƙara da cewa wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya nuna idan uwa ta warke cikin wata uku na magani, matsalolin yaran ma suna raguwa ko da ba a ba su komai ba. Ya juya ga maigida ya ce, "Malam, kai ma ya barcinka?" Ya ce kusan uba ɗaya cikin goma yana shiga irin wannan hali a lokacin ciki ko bayan haihuwa, a maza kuma yakan fito da siffar faɗa da ƙin zaman gida. Maigida ya yi dariyar yaƙe ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Likitan ya kuma tabbatar mana cewa sirrina ba zai fita zuwa makarantarmu ko dangi ba sai da izinina, ya ce dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mara lafiya wannan haƙƙin.

Tambayata ta farko ita ce ko sai na yaye yarinyar. Ya ce a'a, ya zaɓa mini maganin damuwa mai suna sertraline ne saboda kaɗan ne ƙwarai yake shiga nono. A wurin ba da magani na asibitin aka ce ya ƙare, sai a wani babban kemis na waje muka samu, na wata guda wajen naira 6,000. A duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, kuma kada a yarda mai kemis ya canza da wani wai duk ɗaya ne, ko ya ƙara da maganin barci daga aljihunsa.

Makonnin farko su ne masu wuya, kuma a nan mutane da yawa suke zubar da maganin. Tashin zuciya, ciwon kai, ga baƙin cikin yana nan daram. Likita ya riga ya gaya mana sai an yi sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ga canji, don haka maigida ya karɓi ƙwayar ya riƙa miƙo mini da kansa kowace safiya. Da muka koma bayan sati biyu ganin bai wuce minti goma sha biyar ba, amma jiran yana nan yadda yake. Daga baya aka ƙara mini yawan maganin. Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci, walwala ce ta zo a ƙarshe.

A wannan zuwan ne aka haɗa ni da wata ma'aikaciya mai ba da shawara, wadda aikinta ya fi shafar yaran. Ba wa'azi take yi ba, aiki take bayarwa, ƙanana ƙanana. In zauna da kowane yaro minti goma a rana, ko da ba na jin yi, in bar shi ya zaɓi abin da za mu yi. In riƙa kallon idon jaririyar ina mata magana lokacin ba ta abinci. In fito tsakar gida in sha hantsi. A nemo babba ya karɓi aikin gidan daga hannun 'yar shekara tara, wanda ya sa ƙanwata ta dawo gidanmu na ɗan lokaci. Mafi nauyi shi ne ta ce mu gaya wa yaran gaskiya daidai hankalinsu, don yaro in ba a ba shi dalili ba, shi yake ƙirƙiro nasa, kuma kansa yake ɗora wa laifi. Na ga kamar abin Turawa ne, amma muka gwada. Babansu ya zaunar da su ya ce, "Ummanku ba ta da lafiya, ciwon yana sa ta gajiya da baƙin ciki, tana shan magani, kuma ba wanda ya jawo shi a cikinku." Babbar ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Abba, ba don fulas ɗin ba ne?" Ashe ranar suna ta fasa fulas ɗin shayin da aka kawo mini gudunmawa, na daka mata tsawa a gaban mutane. Ni na manta da zancen tuntuni. Ita kuwa wata tara tana wanke-wanke tana goyo don ta biya fulas.

Yarinyar kuma muka ci gaba da kai ta awo a ƙaramin asibitin, suka koya mini kunun gero da gyaɗa da waken soya, da ƙwai da ɗan manja, sau da yawa a rana kaɗan kaɗan. Igiyar ta koma kore kafin ta cika shekara da wata biyu, gwaranci ya dawo har ya yi yawa. Amma kada wanda ya zaci yara suna warwarewa rana ɗaya da uwarsu. Da na fara samun sauƙi sai rigimar namijin ta ƙaru, mai ba da shawarar ta ce gwada ni yake yi ya ga ko dawowar tawa ta gaske ce. Mun daina dukansa a kan fitsarin, muka shimfiɗa leda, muka rage masa ruwa da dare, muka gaya wa malamarsu cewa gida ba lafiya ba tare da dogon bayani ba. Babbar ta fi kowa daɗewa. Ta ƙi sakar mini ƙanwarta, in na ce ta je wasa sai ta tsaya a bakin ƙofa. Sai da muka mayar da ita islamiyya da ƙarfi, muka ware mata aikinta guda ɗaya, shara, muka ce sauran ba nata ba ne.

Da na ji na warke na so in ajiye maganin, likita ya hana. Ya ce ana ci gaba aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sau da yawa har fiye, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa, in ba haka ba jiri da rashin barci su biyo baya ko ciwon ya dawo. Da azumi ya zo ya mayar mini da shan sa lokacin sahur. Tazarar zuwa asibiti ta koma wata-wata, daga baya wata uku-uku. Ya kuma ja kunnena cewa in na sake samun ciki in faɗi wannan tarihin tun ranar awon farko, domin wadda ta taɓa yi ta fi saurin sake yi.

Ga abin da zan gaya wa mai shirin bin wannan hanya. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da yawancin mata suke yi, kuma yana wucewa da kansa kafin sati biyu. In ya zarce haka, ko ya fara daga baya ko da bayan watanni ne, a je asibiti. A gaban ma'aikacin lafiya kada a tsaya a "jikina ba daɗi", don maganin maleriya za a bayar. A faɗi maganar barci, da kuka, da tunanin da ke zuwa, da abin da ya canza a yaran. A tafi da katin yaro, da kwalayen duk magungunan da aka sha har na gargajiya, da wanda zai riƙe goyo, da abinci, don ranar asibiti takan kai bayan azahar. Miji ko uwa su shiga wurin likita, saboda suna ganin abin da mai ciwon ba ta gani. Idan kuwa mai jego ta fara surutai marasa kan gado, ta daina barci gaba ɗaya, tana jin muryoyi, ko tana maganar kashe kanta ko cutar da jaririn, wannan ba na jiran takarda ko ranar asibiti ba ne. Rikicewar hankali irin wannan bayan haihuwa tana samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, galibi a makonnin farko, kuma a ranar ake kai ta sashen gaggawa, wani ya riƙe jaririn. A Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau. A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, a Sakkwato akwai na Kware, akwai kuma na Maiduguri. Wanda yake nesa da waɗannan ya fara da babban asibitin ƙaramar hukumarsa, ya nemi a rubuta masa takardar turawa.